Ƙirjina a shafe yake, kowace riga sai ta yi mini jaka

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 28, ina aikin awon filaye a Jos, yawancin yinina a rana nake, tsakanin duwatsu da ƙura. Tun tasowata ƙirjina a shafe yake, lafiyata kuma ƙalau, al'adata ba ta taɓa yi mini wasa ba. Ni abin bai dame ni ba, rigunan ne suka dame ni. Duk shat ɗin mata da na saya a gwanjo, gaban sai ya yi jaka biyu babu komai a ciki, in na sunkuya wuya ya buɗe. Na gwada na maza, kafaɗa ta zubo, maɓallin ƙasa kuma ya ƙi rufuwa saboda mazaunaina. Telanmu, wanda ya daɗe yana yi wa gidanmu ɗinki, duk abin da na kai masa sai ya sa kof, wato ƙoƙon nono, da soso. Na ce ya cire, ya ce rigar za ta mutu. Ni kuwa abin da raina ke so kaya ne miƙaƙƙu marasa tarkace, waɗanda ba su cika zama na mata ba, ba kuma na maza ba. Mama ta ce shigar maza nake son yi, haramun ne, kuma ina korar manema. Yanzu ga bikin ƙanwata nan da wata 2, an fitar da ankon leshi, an ce kowa ɗinki iri ɗaya mai kof. Ina da shat 7 a ajiye ba na sawa. Yaya zan gyara su, ina zan samu irin kayan da nake so, kuma yaya zan yi da Mama?

Ƙanwarki, daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Magana uku kika haɗa mini, ta riga da ta tela da ta Mama, kuma na san dalilin da ya sa suka cakuɗe miki: a gida lokaci ɗaya ake tayar da su, gaban madubi, ana shirin fita. Bari mu fara da ta riga, don ita ce amsarta ke kan tef ɗin awo.

Kamfanonin da ke ɗinka shat ɗin mata ba sa auna kowa. A kan jiki ɗaya na misali suke yanka, kuma a yawancinsu awon kan nono ya fi awon saman ƙirji da kusan inci 2. Don wannan tudun suke ƙara wa gaban riga faɗi, su ƙara masa tsawo, sannan su ɗinke rarar da ta rage a gefe da ɗan tsinin ninkin nan da teloli ke kira dat. Aikin dat shi ne ya mayar da shimfiɗaɗɗen yadi ya zama kwano. In babu abin da zai cika kwanon sai ya lotsa, shi ne jakar da kike gani. Tsawon da aka ƙara kuma ba shi da tudun da zai hau, sai ya zubo, wuya ya saki, gaban riga ya fi baya sauka. Kafin ki taɓa almakashi, ki sa bes mara soso, ki sa wata 'yar'uwarki ta zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, sama da nono, ta rubuta. Ta sauko kan nono ta sake rubutawa. In bambancin bai kai inci 1 ba, jikinki ba ya buƙatar dat ko ɗaya. Ta auna miki har da kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ta baya, da wuya, da tsawon hannu, da wurin da mazaunai suka fi faɗi. Ki adana lambobin nan a waya, za su yi miki aiki a kasuwa da wajen tela.

Yanzu ki fito da shat ɗin nan 7, ki wanke, ki goge, ki sa su ɗaya bayan ɗaya kina duban kafaɗa kawai. Wadda ɗinkin kafaɗarta ya zauna a kan ƙarshen ƙashi, ko ya wuce da abin da bai fi rabin inci ba, ta cancanci gyara. Wadda ta zubo da inci 1 ko fiye, ki bayar da ita. Rage kafaɗa yana nufin cire hannu gaba ɗaya, a sake yanka hammata, a mayar, kuma kuɗin aikin kan fi kuɗin rigar gwanjo. Waɗanda suka tsira, ki juya cikinsu ki ga yadda aka yi musu ƙirji.

Mafi yawa za ki tarar da dat ɗin gefe, wanda ya taso daga ɗinkin gefe ƙasa da hammata ya nufi kan nono. Abu biyu za ki duba kafin a farke shi. Na farko, ko ninkin yana nan cikakke ta ciki, ko an yanke shi an bi bakin da wibin, ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa. In an yanke, babu yadin da zai dawo, sai dai a bar shi. Na biyu, ki ɗaga rigar a haske ki dubi kusa da tsinin: wasu kamfanoni kan huda 'yar ƙaramar ƙofa a nan don nuna wa mai ɗinki inda zai tsaya. Muddin dat yana rufe ba a ganinta, ana buɗe shi za ta fito a tsakiyar ƙirji. Ba ta hana aiki, aljihu zai rufe ta, amma gara ki sani tun da wuri.

In komai lafiya, a farke ɗinkin gefe tun daga kalmasar ƙasa har hammata, a ci gaba cikin hannu har gwiwar hannu, a kwance kalmasar gaba, sannan a warware dat ɗin daga faffaɗan bakinsa zuwa tsini. A yi a hankali da abin farke ɗinki ko bakin ƙaramin almakashi, don reza tana saurin cin yadi a wajen tsini. A yayyafa ruwa, a ɗora ƙyalle, a danna da dutsen guga mai zafi, a kankare sawun allura da farce har zaren yadin ya koma wurinsa. A auduga da lilin sawun kan ɓace bayan wanki ɗaya ko biyu. A yadin roba mai sheƙi ba ya ɓacewa, haka ma rigar da rana ta koɗar, don cikin ninkin zai fito da launinsa na asali kamar tabo. Da an buɗe, za ki ga gefen gaba ya fi gefen baya tsawo da gwargwadon abin da dat ya ci, yawanci inci 1 zuwa 1 da rabi. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne tela ya ja baya ya tattara gaba don bakunan su haɗu a ƙasa, sai gefen ya yi ta murɗewa. A daidaita daga hammata a gangaro, a bar rarar ta fito a ƙasa. Akwai kuma ɗan kunne da dat ya bari a bakin yadi, da lanƙwasar ƙugu wadda yanzu ta sauka ƙasa da ta baya. A ɗora rula, a ja miƙaƙƙen layi da alli daga hammata zuwa mazaunai, a bi shi. Da ma miƙaƙƙen gefe kike so.

Saura faɗi, kuma nan ne ake ɓata riguna da yawa. Rarar a gaba take, baya ba shi da laifi. In tela ya kama gaba da baya tare ya shige da inci ɗaya, ƙirji zai kwanta amma ba za ki iya miƙa hannu ki ɗauki sandar awo ba. Abin da za a yi shi ne a zamo da yadin gaba, jiki da hannu tare, ya leƙo waje da rabin inci a hammata, a yi ɗinki a kan tsohon layin baya, a bar zamewar ta ƙare a hankali wajen gwiwar hannu ta sama da wajen ƙugu ta ƙasa. Rabin inci a kowane gefe ya cire inci 1 daga gaba kaɗai, kuma yawanci ya isa. A kama da fil tukuna, ki sa, ki rungume kanki da hannu biyu, ki ɗaga su sama, ki sunkuya. In babu inda ya ja, a taka. Daga nan ki tsaya a miƙe da rigar a jikinki, a auna daga ƙasa a daidaita bakin gaba da na baya, a yanke, a kalmashe. A lura da maɓallin ƙarshe, kada kalmasa ta hau ƙofarsa. Ƙyallen da aka yanke kada a zubar: in ya kai, shi ne murfin aljihu, ko abin toshe waccan 'yar ƙofar ta ciki.

Dat ɗin tsaye, wanda ke gangarowa daga ƙarƙashin nono zuwa ciki, ya fi kowanne sauƙi. Ana farke shi a goge, shi ke nan, babu abin da ya shafi gefe ko tsawo. Shi ne ke matse ƙugu ya sa saman ya yi kamar buhun da ba a cika ba. Ki cire na gaba biyu, ki gwada. Na baya biyu ki bar su in kina son rigar ta ɗan bi bayanki, ki cire in kina son ta sauka sambal. Kowane ɗaya kan mayar miki da kusan inci 1 a ƙugu.

Mai wahalar ita ce rigar da aka yi wa yankan firinsis, wato kowane ɓangare na gaban ƙyalle biyu ne, da ɗinki mai lanƙwasa da ya taso daga hammata ko kafaɗa ya bi ta kan nono. Wannan ba a cire shi, sai dai a rage masa ciki. Ki sa rigar a bai-bai, a tsunkule rarar a kan layin ɗinkin, a kama da fil, a yi alama, a cire, a daidaita hagu da dama su zama ɗaya. Sabon ɗinkin ya fara daga tsohon layi kamar inci 4 sama da tudun, ya shiga ciki a hankali har rabin inci a tsakiya, ya koma tsohon layi inci 4 a ƙasa. In aka shiga da sauri aka fita da sauri, za a yi miki sabon tsini a inda babu. Sai an rage rarar ta ciki an tsattsaga bakinta kaɗan kafin guga, in ba haka ba ba za ta kwanta ba. In rarar ta wuce rabin inci, ƙyallen tsakiya zai fi na gefe tsawo ya fara tattarewa, kuma a nan ni ba na ba da shawarar a ci gaba. Nan gaba in kin ga irin wannan yankan a kasuwa, ki wuce.

Shat ɗin maza da kika gwada ba ki yi kuskuren tunani ba, lambar kika ɗauka babba, wataƙila don ta rufe miki ƙasa. Gabansu ba shi da dat, wannan rabin aikin ke nan an yi miki. Da awon wuya ake sa musu lamba, don haka ki nemi 14 ko 14 da rabi, ko ki shiga tarin kayan yara maza 'yan shekara 13 zuwa 15, inda kafaɗa ke da ƙanƙanta, hannu kuma bai cika tsawo ba. Ki saya don kafaɗa da wuya, ki gyara don mazaunai. Ana buɗe ɗinkin gefe daga ƙasa zuwa sama inci 6 ko 7, a sa ƙyalle mai kusurwa uku wanda gindinsa ya kai inci 2 a kowane gefe, a samu ƙarin inci 4 ke nan. Ƙyallen daga jelar rigar ake yanko shi, ko daga hannu in za a mayar da shi gajere. In ba kya son ƙari, a bar wurin tsaga a kalmashe bakinta, irin ta kaftani. Hannu in ya yi tsawo, ta wajen wuyan hannu ake rage shi: a cire bakin, a yanke, a mayar. In abin da za a yanke ya wuce inci 1 da rabi, tsagar maɓalli za ta gajarce har hannu ya ƙi naɗuwa, sai an matsar da ita sama.

A kasuwar Katako da kewayen Taminus nan Jos za ki samu duk wannan, amma ki tafi da tef a jaka, kada ki dogara da lambar da ke wuyan riga, don 10 ta Ingila daban take da 10 ta Amurka, kayan gwanjo kuma sun sha wanki sun motse. Ki shimfiɗa rigar, ki auna daga hammata zuwa hammata ki ninka biyu. Ya kamata ya fi ƙirjinki da inci 4, ko 6 in kina son sakakkiya. Ki tambayi mai kayan ranar da yake kwance dila, ki zo da sassafe. Yadi ma yana da rawar da yake takawa. Mai jiki, wanda ke tsayuwa da kansa, shi ne naki: auduga mai kauri, lilin, jins mara nauyi, shadda, da mai gidan dara irin na sanyi. Mai santsi da mai roba suna mannewa su nuna duk inda riga ta yi rara. Garinku ma ya taimake ki. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba, don haka falmaran a kan shat, ko jaket ɗin jins, ko shat a buɗe a kan bes mai dogon hannu, babu wanda zai kalle ki sau biyu. Mutanen Abuja sai su yi ta gumi kafin su yi wannan shigar.

Amma in kina son gaskiyata, gyaran gwanjo na rage zafi ne. Abin da zai raba ki da matsalar shi ne a ɗinka miki guda ɗaya da ta zauna daidai, ta zama samfur. Ki kai wa telan da ke ɗinka kaftani da jamfa, don hannunsa ya saba da gaba mara dat. Ba sai ya auna ki ba, ki ba shi lambobin da aka auna a gida. A ce ƙirjinki 33 da rabi ne, mazaunai 39. Ki ce ya yi ƙirji 38, ƙasa 42, wato kowane gefe na gaba da na baya ya buɗe da inci 1 daga hammata zuwa ƙasa, da tsaga a gefe. Kafaɗa ya bi taki, kada ya ƙara kamar yadda ya saba yi wa maza, hammata ma kada ya zurfafa ta, don hammata mai zurfi ita ke ɗaga riga duka in kin ɗaga hannu. A baya ya sa ninki ɗaya a tsakiya don miƙa hannu. Wuya ya zama ƙaramar kwala mai tsayuwa, ko zagaye mai maɓalli uku. Aljihu biyu masu murfi a ƙirji suna ba gaban riga jiki ba tare da sun yi ƙaryar komai ba. Yadi 2 da rabi ya isa dogon hannu in faɗin yadin irin na atamfa ne, yadi 2 in mai faɗin inci 60 ne. Ki jiƙa auduga ta bushe kafin a yanka, ki fara da yadi mai araha, sai ta biyu ki sa mai tsada.

Telan gidanku kuma kada ki ɗauke shi maƙiyi. Da ya ce rigar za ta mutu, rabin gaskiya ya faɗa. Rigar da aka yanka don kof ƙananan ƙyallaye ne masu lanƙwasa aka harhaɗa, in aka zare kof ɗin dole ta rushe. Abin da bai faɗa ba shi ne ana iya yanka gaban tun farko ba don kof ba. Shi ma yana da abin da yake karewa: ɗinkinsa tallarsa ce a gidan biki, kuma a idonsa riga mai kyau ita ce mai tudu. Ki daina ce masa ya cire, ki ce masa ya yanka gaba a shafe, ki nuna masa lambobin nan biyu, na saman ƙirji da na kan nono. In ya karɓa, madalla. In ya ƙi, ki bar masa ɗinkin Mama da zannuwanki, ki kai rigunanki wani wuri ba tare da kin ce masa komai ba. Ba a ɓata zumuncin shekaru a kan soso.

To, Mama. Ki sake karanta wasiƙarki za ki ga abin da ni na gani: ƙanwarki ce za ta yi aure, ke babba kina gida. Mama ta san irin tambayar da za a yi mata a wajen kamu da wajen yini, kuma ta san da wa za a haɗa ta da ido. Maganar riga ita ce wadda ta iya kamawa da hannu. Wannan ba ya nufin ta yi daidai da ta ce kina korar manema, don kof bai taɓa riƙe wa kowa miji ba, kuma wanda soso ya jawo ranar tarewa zai san gaskiya. Amma tsoronta na uwa ne, ki amsa shi a matsayin tsoro, kada ki amsa shi a matsayin zargi.

Batun haramci kuwa ba ƙirƙira ta yi ba. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya zo da tsinuwa a kan maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, kuma ba abin wasa ba ne a wajen mai imani. Abin da malamai da yawa ke bayyanawa shi ne hanin yana kan tufar da ta keɓanta da jinsi ɗaya a al'adar wuri, tufar da kowa ke sawa kuma ba ta shiga ciki. Ki duba kewayenki. Ɗalibai mata a makarantunmu doguwar taguwa da wando suke sawa, gabanta a shafe, babu dat babu kof. Riga da wando 'yan Pakistan maza na sawa mata na sawa. Tsakanin jallabiya da abaya mara ado bambancin bai taka kara ya karya ba. Kakin bautar ƙasa iri ɗaya ake raba wa kowa. Kayan da kike nema suna cikin abin da muka saba, ba sai kin aro daga wani wuri ba. Ni ba malama ba ce, don haka ki ɗauki rigar da aka ɗinka, ki ce wa Mama ta raka ki wajen malamar Islamiyyar da ta yarda da ita, a yi tambayar da rigar a hannu. Tambaya a kan “shigar maza” amsarta ɗaya ce, tambaya a kan wannan rigar mai tsawo har gwiwa da mayafi a kai wata amsar ce daban.

Ke ma akwai inda za ki sassauta ba tare da kin rasa abin da kike so ba. Tsawo yana canza yadda ake karanta riga: wadda ta sauka ta rufe mazaunai zuwa cinya ko gwiwa, da ɗankwali ko mayafi, ta mace ce a idon kowa ko da yankanta na kaftani ne. Launi ma haka, ruwan ƙasa da ruwan toka da shuɗi mai duhu da kore ba na kowa ba ne. Ga kuma wata 'yar dabara: shat ɗin maza ɓangaren hagu ke hawa kan dama, ta mata dama ke hawa kan hagu. In za a ɗinka miki, ki ce a yi rufin mata, ki nuna wa Mama. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne cikakken kaftanin shadda mai aikin wuya irin na maza, da wandonsa, za a karanta shi a matsayin shigar maza a Unguwar Rogo ko a Bukur, komai niyyarki, kuma in aiki ya kai ki jihohin da ke da Hisba sai kin ƙara kula. Ki san wannan, ki zaɓa da idonki a buɗe. Kuma tunda biki ya matso, za a samu gwaggo ko ƙawar da za ta kawo miki man shafawa ko ƙwayoyin ciko da ƙirji. Ki yi godiya ki ajiye. Babu man da ke gina nono, ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe kuma suna iya kumbura fuska su tayar da hawan jini da sukari. Tunda al'adarki daidai take, babu abin da ake magani a jikinki.

Ankon ne ke da wa'adi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Da amarya za ki fara magana, ba da Mama ba, don bikinta ne, kuma abin da take so shi ne hoto ya yi kyau. Ki gaya mata abin da kof ke yi a ƙirjin da ba shi da abin riƙe shi: yana tsayawa nesa da jiki, yana haurowa sama in an ɗaga hannu a wajen rawa, in an rungume ki ya lotsa ya ƙi dawowa, kuma duk wannan yana fitowa a hoto. Ki ce za ki sa leshin, da ɗaurin, da mayafin, kamar kowa, ɗinkin ne kawai zai bambanta, kuma babbar yaya da ma ba ta cika yin ɗinki ɗaya da ƙawaye ba. Yadi 5 na leshi ya isa bubu mai zubowa daga kafaɗa, ko miƙaƙƙiyar doguwar riga mai tsaga a gefe, da shafi mai laushi, a jera bakin leshin a wuya da hannu don ado ya koma can. In ta dage sai mai kama jiki, a yi yankan firinsis mai lanƙwasa kaɗan a kan awonki na gaskiya, a manna wa shafin gaba yadin gam mara kauri don ya tsaya, a ɗaga wuya sama, babu kof. In amarya ta yarda, ita za ta gaya wa Mama, kuma daga bakinta maganar ta fi shiga.

Ki kai leshin wajen tela cikin makon nan, ki nemi gwaji tun ana kan fil da ɗinkin wucin gadi, kafin a sa shafi da zif, don bayan an rufe shafi kowane gyara farke riga ne gaba ɗaya. Shat ɗin nan kuma ki fara da wadda kika fi ƙi a cikinsu, a koyi aikin a kanta. In kin samu dama ki rubuto mini lambobin awon ƙirjin biyu da irin dat ɗin da kika tarar a sauran, in gaya miki wadda za a taɓa da wadda za a bari. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba amarya zaman lafiya a ɗakinta.